Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kama Bayanan Frame Relay a Kan Layin E1

Na daɗe ina aikin layukan sadarwa a nan Kaduna, kuma kowace shekara sai an turo mana matasa masu ƙwazo, wasu sun gama karatu, wasu suna koyon aiki, amma kusan kowannensu sai ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa. Frame Relay tsohuwar hanyar aika bayanai ce tsakanin ofisoshi masu nisa, wadda sababbin hanyoyi irin MPLS da Ethernet suka maye gurbinta a wurare da yawa, sai dai duk wanda ya gaji tsohon layin E1, ko mahaɗar Gb da ke tsakanin na'urorin BSC da SGSN a cibiyar GPRS, wato tsarin aika bayanai ta wayar salula, dole wata rana ya zauna ya karanta abin da ke wucewa ta cikinta. Abin da na lura da shi shi ne, yawancin cutar da sabon ma'aikaci yake gani a layi, na'urarsa ce ta haifar da ita.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jona na'urar bincike a kan layi mai aiki ba tare da duba yanayin da take ciki ba. Layin E1 yana gudu a megabit 2.048 cikin daƙiƙa, ko dai ta tagwayen waya masu turjiyar om 120, ko ta kebul mai kan BNC na om 75. Na'urar bincike tana da yanayin da take zama ƙarshen layi da kanta, tana kuma da yanayin saurare mai babbar turjiya wanda ba ya taɓa lafiyar sigina. Idan aka jona ta a yanayi na farko alhali rauta, wato na'urar da ke haɗa ofis da cibiya, tana ɗauke da layin, om 120 biyu sun haɗu sun koma 60, ƙarfin sigina ya faɗi, kurakurai su fara zuba. Abin da ke ruɗin yara shi ne, a gajeren kebul layin yakan jure, sai su ɗauka babu komai.

Ni kaina na yi wannan a wani reshen banki da ke wajen Kakuri, a ƙarshen wata, lokacin da aka kira ni saboda layinsu na Legas yana jan ƙafa. Na jona, ban duba ba. Rauta tana aika wa cibiya tambayar LMI, wato saƙon duba lafiyar layi, duk bayan daƙiƙa 10, kuma a tsarin da aka saba, idan uku daga cikin huɗu na ƙarshe suka lalace sai ta yanke hukuncin cewa layin ya mutu. Kafin minti ɗaya ya cika komai ya tsaya. Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne na ɗauki lokaci ina kallon allo, ina ganin na kama matsalar da idona, alhali ma'aikatan masana'antu da dattawa 'yan fansho suna tsaye a layi cikin rana suna jiran haƙƙinsu. Sai da manajan ya zo ya ce, "Injiniya, kafin ka zo dai muna aiki ko da a hankali ne," sannan na zare wayar, layin ya dawo. Tun daga ranar nake saita yanayin na'ura kafin in fito da kebul daga jaka, na kuma naɗa jan salatif a igiyar da ke mai da na'ura ƙarshen layi. Inda akwai wurin saurare mai kariya a allon rarraba layuka, nan nake jonawa, tare da tuna cewa siginarsa a rage take da kimanin desibel 20, don haka sai an buɗe ƙarin ƙarfi a na'urar. Kuma ba na taɓa layin banki a ƙarshen wata ko gab da sallar Juma'a, lokacin da mai gyara zai yi wuyar samu. Wasu abokan aiki suna ganin na cika tsoro, amma ba zan sauya ba.

Kuskure na biyu shi ne gurbin lokaci, kuma a nan ne nake yi wa ƙannena faɗa sosai. Layin E1 yana da gurbi 32, kowanne kilobit 64. Gurbi na 0 na daidaita tsari ne, na 16 kuwa wani lokaci na sigina ne, wani lokaci yana ɗauke da bayanai kamar sauran. Wanda ya sayi kilobit 256 gurbi huɗu aka ba shi, amma babu dokar da ta ce lallai su zama na 1 zuwa na 4. Idan ka bar gurbi ɗaya a baya, ko ka ƙara wanda ba naka ba, to duk bayan mikrosakan 125 an tsinke maka bayit ɗaya ko an cusa maka baƙo. Tutar 01111110 da ke raba firam da firam, wato ƙunshin bayanai ɗaya da na gaba, za ta ci gaba da bayyana nan da can, na'ura za ta nuna firam-firam, amma lissafin FCS mai bit 16, wanda ke tantance ingancin kowane firam, zai faɗi a kusan dukkansu. Sai yaro ya ga dubban kurakurai, ya zauna ya rubuta rahoto mai zafi yana ɗora laifi a kan kamfanin da ya ba da layin. Haba, ƙanena! Me ya hana ka duba ƙididdigar rautar kanta? Idan ita ba ta ga kuskuren CRC, wato na wannan lissafin, ko ɗaya ba, kai kuma kana ganin dubbai a waya ɗaya, ai ba sai an yi maka bayani ba. Rahoton ƙarya irin wannan yana zubar da mutuncin ofis, kuma ranar da matsala ta gaskiya ta zo babu wanda zai saurare ka. Ka nemi takardar da aka kafa layin da ita, ka tabbatar ko akwai CRC-4, tsarin duba kuskure na layin E1 kansa, ko babu, ko ma layin marar gurbi ne da ke amfani da kilobit 2048 gaba ɗaya.

Masu neman 7E, wato wancan tutar 01111110, a cikin ɗanyen bayanai su sani cewa ana cusa sifili bayan kowane bit 1 guda biyar a jere, saboda haka tutar ba ta tsayawa a kan iyakar bayit.

Kama ɓangare ɗaya kawai, na fita ko na shigowa, ma aikin banza ne. Tambayar LMI daga rauta take fita, amsarta daga cibiya take zuwa. Alamun cunkoso ma biyu ne: FECN tana tafiya inda cunkoson ya nufa, BECN kuma tana komawa baya. Sai da kunne biyu ake jin zancen, kuma agogon duka biyun ya zama ɗaya.

Lambar DLCI, wadda ke bambanta kowace hanya a cikin layi, tana ruɗa mutane fiye da kima. Bit 10 ce, shida a bayit na farko, huɗu a na biyu, don haka ba a karanta ta kai tsaye daga lambobin da ke allo. Kuma ma'anarta ta tsaya a mahaɗar da kake kai: hanyar da ake kira 100 a Kaduna tana iya zama 200 a Legas. Na sha ganin ma'aikata biyu suna musu a waya, kowa na rantsuwa cewa ɗan'uwansa bai aiko komai ba. Lambobin masu amfani suna tsakanin 16 da 1007, LMI na ANSI da na ITU suna kan 0, na Cisco yana kan 1023. Wanda ya tace DLCI ɗaya tun wajen kamawa ya zubar da LMI, wato shaidar da za ta gaya masa lokacin da hanyar ta mutu. Al'adata ita ce in kama komai, in tace daga baya, in kuma bar na'ura ta yi aƙalla minti biyar, tunda cikakken rahoton LMI sai a tambaya ta shida yake zuwa, sau ɗaya a minti.

Hakan na bukatar wurin ajiya. E1 cike yana cin kusan megabayit 920 a awa a kowane ɓangare, babban layin E3 mai megabit 34.368 kuwa ya haura gigabayit 15. A duba ko na'urar da kanta tana zubar da firam kafin a ce layi ne ya zubar.

Idan Wireshark, manhajar karanta bayanan da aka kama, ya nuna shirme, a duba nau'in mahaɗa, wanda na Frame Relay shi ne 107, sannan a duba kunshi: tsarin RFC 2427 yana sa 03 da CC gaban IP, na Cisco yana sa 0800, na Gb kuwa sai an zaɓi GPRS a cikin saituna.

Akwai kuma masu cewa ba a taɓa wuce CIR ba, wato gudun da kamfani ya yi alkawarin bayarwa, saboda matsakaicin minti biyar ya nuna ƙasa da shi. Cibiya ba da minti take awo ba. Idan CIR kilobit 128 ne, tazarar awo kuma milisakan 125, to bayit 2,000 kacal aka yarda a tura a kowace tazara. Firam biyu masu bayit 1,500 a jere sun riga sun wuce, sai a sa wa firam ɗin alamar DE, kuma mai wannan alama ake fara zubarwa idan cunkoso ya zo. Frame Relay ba ta sake aika abin da ya ɓace, TCP ne ke yi, shi ya sa mai amfani yake jin jinkiri kawai.

Frame Relay ba ta ɓoye bayanai, saboda haka abin da ka kama amanar mutane ce: a nemi izini a rubuce, a goge fayil bayan an gama. Ina kuma ajiye ɗan littafi kusa da na'ura, ina rubuta daidai lokacin da wuta ta ɗauke da lokacin da janareta ya karɓa, domin sau da yawa tarin kurakuran da aka kwana ana bincike a kansu a wannan daƙiƙar suka faru.