Yadda ake ɗaure waya mai laushi a kwantirolar sola ba tare da ta ƙone ba

Kwantirola ita ce na'urar da ke tsakanin fanel da batir tana daidaita caji. Yawancin wadda ake kawo min bakinta, wato inda waya ke shiga, a narke, laifin ɗaurin waya ne. Wayar sola ta 6mm (wato 6mm²), in ka fere ta, za ka tarar da silin kofa, wato jan ƙarfe, sama da 80, kowanne siriri kamar gashi. In sukuru ya sauka a kansu haka nan, sai su baje. Wasu su tsinke, wasu su zame gefe, 'yan kaɗan su ɗauki wutar duka. Daga nan sai zafi, sai warin roba.

Cire wayar fanel tukuna, sannan ta batir. Wajen mayarwa kuwa batir ne farko.

Fere robar daidai tsawon bakin ferul, wato ɗan bututun ƙarfen nan mai wuyan roba. Da abin fere waya, ban da reza, ban da haƙori. In ka ga sili ko uku sun faɗo ƙasa, yanke ka sake. Murza silin kaɗan don su haɗu, ka zura su duka har su leƙo ta ɗaya bakin, ka matse da filayar ferul. Filayar gida ba ta yi, lanƙwasa shi kawai take, wayar ta zare. Girman ferul ya zo daidai da na waya: 6mm da 6mm. Kwalin ferul ba ya kai kuɗin kwantirola ko kusa, filayar ce ke da ɗan tsada, ita ma sau ɗaya za ka saya.

Yanzu ga inda na sha wuya. Kada ka shafa wa bakin wayar dalma. Na san yana da kyau a ido, ya yi sumul ya yi tauri, ni ma haka na yi a wani shagon caji farkon fara aikina. Dalma laushi gare ta. Sukuru ya danne ta, a hankali take lotsawa, rana ta yi zafi dare ya yi sanyi, ɗaurin ya saki ba wanda ya taɓa shi. Kafin bazara ta fita aka kira ni. Ramin wayar batir a jikin kwantirolar ya yi baƙi ƙirin, wayar tana lilo a ciki, da yatsa biyu na zaro ta.

Wani abin da yara masu koyo ke yi: ba sa kwance sukurun gaba ɗaya. Ramin yana zuwa a rufe, sai su cusa waya a ƙarƙashin maƙalin, su yi ta ɗaure iska. Kwance shi har ƙarshe, haska fitila ka ga ramin ya buɗe, sannan ka zura. Kada sukuru ya kama wuyan roba, kada kuma kofa ta fito waje.

Ɗaure da sukundireban da ya cika bakin sukurun. Ja wayar da ƙarfi, in ta motsa ka sake. Ka ɗaure ta a bango don kada nauyinta ya rataya a kan sukuru. Ka bar wuta ta yi aiki rabin awa da tsakar rana, ka taɓa robar kusa da ɗaurin. Ɗumi kaɗan ba komai, amma in ka kasa barin yatsa a kai, kashe ka kwance.