Shiga karatun okupeshinal terafi bayan shekaru sun ja

Aikin nan shi ne koya wa mai shanyewar ɓarin jiki ko yaro mai larurar ƙwaƙwalwa yadda zai riƙe cokali, ya sa riga, ya yi alwala da kansa. Kafin ka sayi fom, nemi izini a sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ka yi mako biyu kana kallo. Aikin tsayuwa ne da tallafar majiyyaci, bayanka da gwiwarka za su gaya maka gaskiya.

A Najeriya da digirin farko ake shiga, kamar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, lasisi kuma MRTB, hukumar da ke yi wa masu wannan aiki da masu gashin ƙashi rajista, ke bayarwa. A Ingila mai digiri zai iya yin mastas na shekara 2 ya fito ma'aikaci.

Inda manya ke tuntuɓe takardu ne. Jami'o'in Amurka da dama ba sa karɓar darasin sanin sassan jiki da ya daɗe, sai an sake shi. Nemi takardar makinka daga tsohuwar makaranta wata 6 kafin rufe fom, don fitowarta kan ja lokaci.

Sai batun aljihu. Ƙa'idar WFOT, ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, ita ce aƙalla awa 1,000 ta koyon aiki da majiyyata, da rana ake yi, galibi ba albashi. Ma'aikacin gwamnati ya karɓi hutun karatu a rubuce tun kafin ya tafi, mai iyali kuma ya tanadi cefanen waɗannan watanni.