Darasi na Tara: Sake wa Mota Fenti

Wanda ya taɓa zama a garejin masu fenti ya san cewa bindigar feshi ba ta daɗewa a hannun oga. Sai a yi kwanaki ana gurza, ana cike, ana gogewa, feshin kuwa bai wuce na sa'a biyu ba. Fenti ba ya rufa wa mota asiri. Duk lotsawa ko ƙarzar da aka bari, sai ta fi fitowa bayan ya bushe.

Fara da wanke motar da omo, don maiƙo da fenti ba sa ga maciji. Inda ta lotsa, a kai wa fanalbita ya buge. Inda tsatsa ta ci, gurje da sanfefa mai lamba 80 har sai farin ƙarfe ya bayyana. Idan ta huda ƙarfen, a yanke wurin a yi walda. Rufe tsatsa da fila, wato ƙullun da ake cike ramukan jikin mota da shi, yaudarar kai ce, damina ɗaya za ta kumburo fentin.

Ka lura da lambar da ke bayan sanfefa. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba kuma mai laushi. Daga 80 sai ka koma 180, sannan 320. Kada ka yi tsalle.

Wajen fila ne ake yawan cuta. Aikinta cike 'yan ƙananan ramuka, ba gina sabuwar ƙofa ba. Ɗebi kaɗan a kan faranti, ɗiga mata hadina, wato sinadarin da ke sa ta sandare, kamar kashi 2 cikin 100, ka cakuɗa har launin ya zama ɗaya. Yi hanzari, cikin 'yan mintoci take sandarewa. Idan ta bushe, gurza ta a bushe, don tana shan ruwa. Ɗaura sanfefar a kan katako mai shafaffen ciki, sannan ka riƙa shafa wurin da tafin hannu, ido a rufe. Hannu yana jin tudun da ido bai gani ba. Af, mai sayen tsohuwar mota ma ya riƙe wannan: maganaɗisu ba ya kama inda aka labta fila.

Rufe gilashi, fitilu da tayoyi da takarda da tef. Fesa firaima, wato shafin farko da fenti ke kamawa a kansa, ta bushe, a goge da lamba 600.

Lambar launin motar tana kan wani ɗan allo, galibi a jikin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet. Kwafe ta ka kai wa mai haɗa fenti, ya fi ka ce masa “ja mai ɗan duhu”. Idan kuwa sauya launi za ka yi gaba ɗaya, sai an gyara takardun motar. Ma'aunin fenti da hadina da tina, wato ruwan da ake tsarma fenti da shi, yana rubuce a jikin gwangwani. Karanta shi, kada ka yi da ka.

Zaɓi safiyar da babu iska. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, danshin damina kuma yana dusashe ƙyallinsa. Yayyafa ruwa a ƙasa, ka tsiyaye ruwan da ya taru a tankin kwamfaresa. Riƙe bindiga kamar santimita 15 zuwa 20 daga jikin mota. Tafi a miƙe, kowane layi ya hau rabin na bayansa. Ka matso da yawa, fenti ya yi hawaye. Ka yi nisa, ya fito da kaushi kamar ɓawon lemo. Shafi biyu ko uku marasa kauri, da hutun minti 10 zuwa 15 a tsakani, sun fi ɗaya mai kauri.

Sai maganar ƙirji. Hadinar fenti tana da sinadarin da ke jawo asma. Ƙyalle a hanci ba ya tare shi, madarar da yaran gareji ke sha bayan aiki ma ba ta wanke huhu. Nemi takunkumin da aka yi don feshi, ka yi aiki inda iska ke fita. Tina kuma tana kama wuta, don haka ba sigari, ba walda a kusa.

Bayan an gama, kada a lulluɓe motar da tamfol, kuma a ba ta kamar wata guda kafin a shafa mata man ƙyalli.

Aikin gida: Gwangwani ya ce fenti kashi 2, hadina kashi 1. Kana da fenti lita 4. Lita nawa na hadina za ka zuba?