Yadda ake kula da yara idan aure ya mutu, daga zaure har gaban alƙali

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, da zarar an miƙa takardar saki, hankalin kowa sai ya koma kan kayan ɗaki da inda za a yi idda. Yara kuwa suna gefe suna kallon ana sauke gadon uwarsu, ba mai ce musu uffan. Ga yadda iyaye da kakanni da kawunnai za su bi da lamarin.

Mataki na farko, a faɗa wa yaro gaskiya daidai hankalinsa. Kada a ce masa Inna ta tafi unguwa, don zai yi ta tsayuwa a ƙofar gida yana jira, ranar da ya gane kuma ya daina yarda da maganar manya. Wanda ya fi shaƙuwa da shi ya zaunar da shi ya ce: “Innarka da Babanka ba za su ƙara zama gida ɗaya ba. Ba laifinka ba ne. Dukkansu naka ne, kuma za ka riƙa ganinsu.” Maganar laifin nan a maimaita ta, domin ƙananan yara sukan ɗauka rashin jinsu ne ya kori uwarsu.

Na biyu, a bar masa abin da ya saba. Makarantar allonsa, firamarensa, abokan wasansa, lokacin cin tuwo da na kwanciya, duk wanda zai yiwu a bari kada a taɓa. Kuma in da hali kada a raba wa da ƙani.

Na uku, a sa ido na wasu makonni. Yaro ba ya cewa raina ya ɓaci, a jikinsa ake gani: wanda ya daina fitsarin kwance ya koma, firgita cikin barci, ƙin abinci, ciwon ciki ko na kai da ba a gano dalilinsa ba, mai surutu ya koma kurum, mai sanyi ya koma mafaɗaci. Dukan yaro ba ya maganin ko ɗaya daga ciki, ƙara shi yake yi. A zauna da shi a tabarma, a bar shi ya yi wasan 'yartsana ko zane a ƙasa, a saurari abin da yake sa 'yartsanar ta faɗa. A sanar da malaminsa halin da ake ciki. Idan abin ya haura wata guda bai lafa ba, ko yaro yana ramewa, a kai shi asibitin da ke kusa a nemi takardar turawa gaba. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitin Dawanau, a Jigawa kuma akwai na Kazaure. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace, kuma ba ya hana addu'a. Amma in ya ambaci kashe kansa, ko aka ga tabon duka ko alamar an yi masa fyaɗe, ba a jira ko kwana ɗaya.

Na huɗu, a san hukunci kafin a fara ja-in-ja, don nan ne aka fi cutar yara. Al'adar da ta yi kaka-gida ita ce da an yaye yaro sai uba ya aiko a ɗauko masa ɗansa, a danƙa shi ga matar uba. Mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke aiki da ita, ba haka ta ce ba. A Risala, da ake karantawa a zaurukanmu, renon yaro, wato hadana, na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta auri wani, haƙƙin ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Ci da sha da sutura da magani kuwa suna wuyan uba, ko a ina yaron yake kwana. Uban da ya ce ba zai ba da ko ƙwayar gero ba sai an kawo masa yaro, ɗansa yake horarwa da yunwa. Haka ita ma uwar da ta hana yaro ganin ubansa ta shiga haƙƙinsa. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ta hana a cutar da uba saboda ɗansa.

Na biyar, sulhu. Dattijo ɗaya daga kowane ɓangare, a gaban liman ko mai unguwa, in ta ƙi a je wurin dagaci ko ofishin Hisba. Abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, da sa hannun shaidu: kwano nawa na hatsi da kuɗi nawa a wata, wa zai biya asibiti, ina yaro zai yi hutu da sallah. Alƙawarin baki shi ke dawo da rigima bayan damina.

In sulhu ya gagara, sai Kotun Shari'ar Musulunci ta yankin. A tafi da takardar saki, takardar haihuwar yaro ta Hukumar Ƙidaya, katin asibiti, sakamakon makaranta, da shaidun da suka ga yadda yaron ke rayuwa da idonsu. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Tarayya ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Jigawa ta sa hannu a dokar kare yara a 2021, Kano a 2023.

Abin da alƙali ke bincike shi ne cancantar mai reno: hankalinsa, amanarsa, lafiyarsa, ikonsa na kula da yaro, da amincin gidan da za a zauna. In namiji ne ke neman riƙo, sai yana da macen da za ta yi renon a gidansa. Kotu tana iya neman rahoton likita, ko ta tura jami'in jin daɗin jama'a ya ga gidajen biyu ya zanta da maƙwabta. In ya zo, a bar shi ya ga gida yadda yake kullum, kada a aro katifa da buhun shinkafa. A kuma roƙi kotu, in har za a ji ta bakin yaro, a ji shi a keɓe ba a cikin taron masu ƙara ba.

Abin da na fi roƙon iyaye a kansa shi ne kada a kitsa wa yaro abin da zai faɗa. Yarinyar da aka haddace wa “Babana ba ya ba mu abinci” za ta faɗa don tsoro, sannan ta girma da nauyin cewa ita ta kunyata ubanta a bainar jama'a. Abin da za a gaya mata kaɗan ne: “Wani dattijo zai yi miki tambayoyi. Ki faɗi abin da kika sani, wanda ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba. Ba ke za ki zaɓa ba, kuma ba wanda zai yi fushi da ke.” Bayan an fito kada a tsare ta da me kika ce.

Da an yanke hukunci a karɓi kwafinsa a hannun magatakarda. Wanda bai gamsu ba yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kano ko Dutse, kuma akwai wa'adi, don haka a tambaya tun a ranar. Kafin nan a bi hukuncin da ke ƙasa. Ranar kai yaro ziyara, kaka ko goggon da ba ta cikin rigimar ta raka shi, a miƙa shi da sallama, ba tare da saƙon habaici a bakinsa ba.