Darasi na Tara: Kula da Ƙaton Kare Ruwa-Biyu

A garuruwa irin su Jos da Kaduna da Abuja ana ganin wasu karnuka masu girman maraƙi suna gadin gidaje da gonaki. Da yawansu ruwa-biyu ne, wato uban iri daban, uwar iri daban: wataƙila uban Boerboel ne na Afirka ta Kudu, uwar kuma Mastiff ce ta Ingila, ko kuwa an haɗa karen tsaunukan Kokasas mai yawan gashi da karyar gida. Idan irin wannan kare ya cika girma yakan wuce kilo 45, wani ma ya haura 70, ya fi buhun siminti nauyi nesa ba kusa ba. Wannan girman shi ne ke sa duk wani ƙaramin sakaci wajen renonsa ya zama babba.

Ba a gane halin ruwa-biyu daga kamanninsa, domin 'yan kwikwiyo biyu na ciki ɗaya suna iya shan bamban, ɗaya ya ɗauko sanyin uwa, ɗaya kuma zafin uba. Saboda haka mai saye ya nemi ganin uwar, ya lura da yadda take karɓar baƙo. Kafin kwikwiyo ya cika wata huɗu ya kamata ya saba da yaran gida da awaki da ƙarar babur, kuma a koya masa zama da zuwa idan an kira shi. Kwikwiyon da ake yi wa dariya don ya yi tsalle ya dafa mutum, shi ne bayan shekara guda zai kayar da dattijo a ƙofar gida. Duka ba ya gyara shi, haka ma ɗaure shi da sarƙa dare da rana, sai dai su ƙara masa tsoro da cizo. Komai sanyinsa, kada a bar shi da ƙaramin yaro su kaɗai.

Ƙaton kare ba ya gama girma sai ya kai wata 18 zuwa 24. Wasu masu gida suna ɗura wa kwikwiyo abinci don ya yi saurin cika ido, alhali wannan cutarwa ce, domin nauyi yana riga ƙashi ƙwari, sai gaɓar ƙugu ta lalace, a wayi gari kare yana ɗingishi ko yana tashi da ƙyar. Ka shafa gefen ƙirjinsa da tafin hannu: idan ba ka ji haƙarƙari ba sai ka danna, to ƙiba ta yi yawa. Kada a ba shi albasa ko cakulan ko dafaffen ƙashin kaza, kuma kada a ba shi maganin ciwon kai na mutane.

Akwai wata cuta da ta fi addabar manyan karnuka masu zurfin ƙirji, ita ce kumburin ciki, inda tumbi ke cika da iska har ya murɗe. Za ka ga cikin ya yi tauri kamar ganga, kare yana ta yunƙurin amai amma babu abin da ke fitowa, yawu yana dalala, ya kasa kwanciya wuri ɗaya. Wannan ba ciwon da ake cewa bari mu ga safiya ba ne. Cikin 'yan sa'o'i yake kisa, kuma idan tumbin ya murɗe sai likitan dabbobi ya yi tiyata. Don rage haɗarin, a raba abincin yini kashi biyu ko uku, kuma kada a bar shi ya yi guje-guje da zarar ya ƙoshi.

Kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, don haka a watannin Maris zuwa Mayu yana buƙatar inuwa da ruwa a kowane lokaci, a kuma fita da shi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. A riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska. Maganin tsutsar ciki gwargwadon nauyi ake ba da shi, shi ya sa kuɗin jinyarsa ya fi na ƙaramin kare, kuma duk da ɗawainiyar, yawancinsu shekara 7 zuwa 10 suke yi a duniya.

Allurar riga-kafi tana farawa tun kwikwiyo yana da mako 6 zuwa 8, don kare shi daga cututtuka irin su parvo, mai sa amai da gudawar jini. Ta haukan kare kuwa ana yin ta a wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, tana sarrafa wannan allura. A adana katin riga-kafin wuri mai kyau. Idan kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, sannan a garzaya da wanda aka ciza asibiti tare da katin.