Shawara ga mai son nazarin al'ummar Maya

'Yan'uwa masu neman inda za su fara karanta tarihin al'ummar Maya ta kudancin Meziko da Gwatamala, shawarata ita ce ku fara da lissafinsu kafin ku taɓa rubutunsu. Ƙidayarsu ashirin-ashirin take tafiya: ɗigo yana nufin 1, sanda tana nufin 5, hoton ƙwanson katantanwa kuwa sifili ne. Wanda ya riƙe waɗannan uku zai iya buɗe kundin Dresden, wani tsohon littafin Maya da ke ajiye a birnin Dresden, wanda ɗakin karatun jihar Saksoni a Jamus ya ɗora hotunansa kyauta a intanet, ya gane lambobin jadawalin tauraruwar Zara da kansa. Daga nan sai ku leƙa sassaƙen duwatsun Yaxchilan, wani tsohon birnin Maya, a shafin Gidan Tarihi na Birtaniya.