Masu tara motocin wasa, ku riƙa kifa su

Jama'a, in kun tarar da mai gwanjo ya baje ƙananan motocin wasa na ƙarfe, kada fenti ya ɗauke muku hankali. Ku kifa motar ku karanta ƙasanta tukuna.

Wadda aka rubuta wa Lesney da England, Matchbox ce ta dauri, wato motar wasa ƙirar kamfanin Lesney na Ingila. Kamfanin ya durƙushe a 1982, ke nan ta haura shekara 40. Ni dai ko ta ƙoƙe saye nake. Motocin wasa na Hot Wheels kuwa kamfanin Mattel ya fara su a 1968, kuma na farkon suna da jan layi zagaye da taya, har zuwa 1977. Sai dai a kula, shekarar da ke ƙasan motar ta fitowar samfurin ce, ba lokacin da aka ƙera ta ba. Sai ka ga 1969 a jikin sabuwa fil ƙirar Malesiya, mai kaya yana rantsuwa tsohuwa ce.

Kada a sake mata fenti, darajarta faɗuwa take. Tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu sun isa, a goge ta bushe saboda tsatsa. Kuma ku taya tarin gaba ɗaya, don da zarar ka ware guda kana jujjuya ta, kuɗinta ya tashi.